Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ƙashin da Ban Ci Namansa Ba

A makon jiya na tsaya a kan auren Yaya Babba da rabon gonar fadama, kuma na yi alkawarin ci gaba da labarin shigata kwalejin horon malamai. Sai dai ku yi mini afuwa, domin ranar Talata jikata ta buɗe tsohuwar adakar da ke ƙarƙashin gadona tana neman allura, ta ciro wani dunƙulen dutse ta tambaye ni ko na niƙan kwalli ne. Tun daga ranar maganar Kaka take yi mini yawo a kai, kuma na san idan ban rubuta ta ba, ba za ta bar ni in rubuta wani abu ba.

Ina ɗan shekara goma ko sha ɗaya lokacin da na fara tsintar su. Awakin Kawu nake kiwo a gindin tuddan da ke wajen Taloka, a ƙasarmu ta Goronyo, kwana biyu bayan ruwan shuka. Wanda ya san tuddan nan ya san jar marmara ce ta rufe kansu kamar hula, amma inda ruwa ya zaftare gefensu sai ka ga laka mai ruwan toka wadda take ɓarewa falle-falle. A cikin wani kwazazzabo na ga abin, girmansa bai wuce dunƙulen hannun babban mutum ba, amma nauyinsa na dutse ne. Gefe ɗaya ya lotsa kamar ƙoƙo, ɗaya gefen ya tashi kamar kan taɓarya. Da na tona da sandata sai na sami wasu uku a jere, kuma kan kowanne yana zama daidai cikin ƙoƙon na bayansa. Ko yaro ya san ƙashin baya idan ya gani, tunda ana yanka a gidansu ranar layya, amma babu sa ko raƙumin da nake iya tunawa mai irin wannan gadon baya. Na zuba su a riga na kai gida ina murna.

Kaka tana kaɗi a ƙofar ɗakinta. Ta dube su, ta ajiye mazari, ta ce ƙasusuwan Samudawa ne, in mayar da su inda na gan su kafin magariba. Da na tsaya gardama cewa ni na tsinta, saboda haka nawa ne, sai ta ce: "Kai yaro, ƙashin da ba ka ci namanai ba, ba naka na ba." Ban mayar ba. Na cusa su ƙarƙashin rumbun gero, kuma ɗaya daga cikinsu ne jikata ta ciro ranar Talata.

A cikin waɗannan shekarun ne, tsakanin 1969 da 1971, wasu masana daga jami'ar birnin Fulorans ta Italiya suka yi tono a ƙasarmu. Mun ji labarin Turawa masu haƙar dutse, amma Kawu ya hana mu zuwa kallo, kuma sai da na zama malamin makaranta, na fara bin masu ilimin duwatsu da tambaya, sannan na san abin da suka ɗauka. Ƙoƙon kai ne da wasu ƙasusuwa na wata dabbar teku, wadda a 1972 wani masanin jami'ar mai suna Azzaroli da abokan aikinsa suka raɗa wa suna Goronyosaurus nigeriensis, wato ƙadangaren Goronyo. Tun kafin su, a 1930, wani masani a Landan mai suna Swinton ya yi rubutu a kan irin waɗannan ƙasusuwa da aka kai masa daga lardin Sakkwato. Dabbar tana cikin dangin da ake kira mosaso, manyan ƙadangarun teku waɗanda ƙafafunsu suka koma filafilan ninƙaya, kuma danginsu na kusa a yau su ne damo da guza da macizai. Tamu ta Goronyo doguwar fuska gare ta da ƙananan idanu, haƙoranta kuma miƙaƙƙu ne masu shiga tsakanin juna kamar na kada. Da albasa da tafarnuwa aka san mu a kasuwa, amma sunan garinmu yana cikin littattafan jami'o'in duniya saboda wannan dabba, alhali ƙoƙon kan nata yana can Italiya, kuma ban taɓa haɗuwa da mutumin Goronyo da ya gan shi da idonsa ba.

Ranar da aka fara gaya mini cewa inda nake kiwon awaki ƙasan teku ne, ban yi mamaki kamar yadda mai faɗar ya zata ba, domin na riga na tara haƙoran kifi cike da gwangwanin madara biyu. Wani hannun teku ne ya ratso Sahara daga arewa, ya rufe sassan Mali da Nijar har zuwa ƙasar Sakkwato, kuma lakar da ta kwanta a ƙarƙashinsa ita ce ta zama waɗannan duwatsu hawa-hawa. Masana sun ba kowane hawa sunan garin da ya fi bayyana: Taloka a ƙasa, Dukamaje a kansa, sai Wurno, sai Dange, sannan farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita, wadda take cike da ɓawon dodon koɗi da sauran halittun ruwa. A hawan Dukamaje ake samun mosaso. Idan ka hau zuwa na Dange za ka sami kada da kunkuru da kifi, amma ba za ka ƙara ganin ƙashin mosaso ba, domin a tsakanin nan ne, shekara miliyan 66 da suka wuce, shi da manyan dabbobin zamaninsa suka ƙare. Ni da idona na koyi rabe su tun ban san sunayensu ba: ƙashin bayan mosaso shi ne mai ƙoƙo da kan taɓarya, na kadojin tekun nan kuwa gefensa biyu duk a shafe suke. Liman ya taɓa tsare ni a kan lissafin miliyoyin, na karanta masa ayar Suratul Ankabut da ta ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda aka fara halitta. Ya yi murmushi ya ce in dai ban bar jam'i don tono ba, babu ruwansa.

Na yi ɓarna da yawa kafin in iya aikin. Ƙasusuwan Dukamaje cike suke da jibsam, wannan dutse mai ƙyalli kamar fasasshen gilashi, wanda yake shiga duk wata tsaga ya buɗa ta. Na taɓa jiƙa wani haƙarƙari cikin kwano don in wanke shi, kafin safiya ya dagargaje kamar daddawa. Daga nan na daina kusanta su da ruwa mai yawa. Da tsinin wuƙa da tsohon buroshin haƙori nake bi, in dama ƙaro tsululu in shafa da gashin kaza, in bar shi ya bushe a inuwa, sannan in naɗe da tsumma tun yana cikin lakarsa.

A 1984, shekarar da aka canza kuɗi kuma damina ta yi gardama, na sami abin da ya fi duk abin da na taɓa samu. Muƙamuƙi ne, tsawonsa ya kai kamu ɗaya da rabi, da haƙora bakwai a tsaye, launinsu kamar na zuma da ta daɗe a tulu. Kusa da gindin ɗaya akwai wani ƙaramin haƙori da yake shirin fitowa ya maye gurbin babban, yana nan yadda ajali ya same shi. Kwana tara na yi ina zuwa bayan an tashi makaranta, ina zagaye shi da rami, domin na san idan na ɗaga shi kai tsaye zai karye. Uwargida ta rasa zanenta na biyu a wannan aiki, kuma har ta koma ga Allah ba ta daina tuna mini ba. A kan jakin Kawu muka kawo shi, an shimfiɗa shi a kan tsohon ƙyaure, ina riƙe da gefe ɗaya ina tafiya a karkace har gida. Mutane suna fama da neman tsaba, ni ina rakiyar dutse, kuma na san abin da aka faɗa a kaina a majalisa.

Ba zan faɗi sunan mutumin da ya raba ni da muƙamuƙin ba, ba zan kuma faɗi makarantar da ya ce daga can yake ba. Ɗan Goggo na Sakkwato ne ya kawo shi, cikin farar mota, bayan wasu shekaru. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kawo fura, na fito masa da muƙamuƙin. Ya daɗe yana dubawa bai ce komai ba, sannan ya ce: "Malam, wannan ai ba kayan ajiyewa a ɗaki ba ne. Ka ba ni aronsa wata uku, mu auna shi, mu ɗauki hotonsa, kuma sunanka zai fito a rubutun." Na ce: "Ranka ya daɗe, amana ce na ba ka." Ya yago falle ɗaya daga littafin darasina ya rubuta cewa ya karɓa, ya sa hannu. Ni na taya direbansa sa shi a bayan mota, har ina ce masa ya bi a hankali a kan gargada.

Wata uku suka zama shekara. Sau biyu na je nemansa da kuɗin motata. A zuwan farko aka ce ya yi tafiya, a na biyu na same shi, ya gaishe ni kamar wanda yake ƙoƙarin tuna inda ya san ni, ya ce kayan suna cikin sito kuma mai makullin ba ya nan. Ɗan Goggo, da na kai masa kuka, cewa ya yi wai me zan yi da dutse da har zan ɓata masa mutunci a gaban manya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da na dawo na shiga gaida Inna, sai ta ɗauko maganar uwarta ta ɗora mini: ƙashin da ban ci namansa ba ai ba nawa ba ne, in bar wa Allah. Na haɗiye, domin ba a mayar wa uwa magana. Amma a raina na ce, shi mai farar motar ya ci naman ne? Naman wannan ƙashi babu ɗan Adam da ya ɗanɗana shi, tunda ya ruɓe tun ba a halicci mai ci ba. Idan maganar Kaka gaskiya ce, to ta hau kansa kamar yadda ta hau kaina, kuma ni aƙalla na yi kwana tara a durƙushe a cikin rana. Wani lokaci kuma sai in ga kamar ba mallaka take nufi ba, tsoro take ji kada in saba da ɗaukar abin da ban san asalinsa ba. Ta rasu kafin canjin kuɗi na 1973, ban tambaye ta ba.

Yanzu samari masu haƙar jibsam don sayarwa su ne suke bin tuddan. Idan digarsu ta ci karo da ƙashi sai su fasa shi, su ɓare ƙyallin, su watsar da sauran, domin mai awo ba ya sayen ƙashi. Ɗaya daga cikinsu, wanda na koyar a aji huɗu, yakan kawo mini gutsattsari a leda idan ya tuna. Bara ya kawo rabin haƙori, na gwada shi da zanen da na yi wa muƙamuƙin a bayan rajistar makaranta, girmansu ɗaya. Takardar da mutumin ya sa wa hannu tana cikin adakar, a ninke cikin gwangwanin haƙoran kifi, tawadar ta koɗe amma ana karanta "wata uku". Na nuna wa jikata, ta tambaye ni ko wata ukun ba su cika ba ne.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma kan kwalejin da yadda Kawu ya sayar da akuyar Inna don kuɗin akwatina.