Taku ɗaya da na yi baya a fagen sumo

Shekara 11 na yi ina kokawar sumo a Japan, kuma har yau in sanyi ya sauko a Ulanbata, babban birnin ƙasarmu Mongoliya, gwiwata ta dama ce ke fara sanar da ni.

Na tafi ina ɗan shekara 18, kaina a kumbure don na kayar da samarin gundumarmu a Naadam, bikin wasannin gargajiyarmu. Lokacin Hakuho, zakaran sumo ɗan ƙasarmu, na tashe, kowane yaro a Mongoliya gani yake yana sauka Tokyo za a ɗaura masa farar igiyar yokozuna, matsayi mafi girma a sumo. Wanke-wanke, cuɗa bayan manya, jiran su ƙoshi da chanko, abincin 'yan sumo, kafin ka ci ragowa, duk ban damu ba. Japananci ma ya zauna min da wuri, tunda baƙo ɗaya tak aka yarda kowane gidan kokawa ya ɗauka, ba ni da abokin hira da harshenmu.

Abin da ya ƙi barin jikina kokawar gida ce. A wurinmu fili ne fetal, babu iyaka, kana iya ja da baya ka yi ta kewaya har ka samu riƙon da kake so. A sumo kuwa faɗin da'irar mita 4.55 ne kacal. Kullum safiya maganar maigidanmu ɗaya ce: gaba, gaba! Ni kuma a ƙananan rukunai dabarata na ci. In bar mutum ya turo ni, in cafki ɗamararsa, in juya shi a bakin igiyar da ta kewaye da'irar. Wanda ke kayarwa, wa zai gaya masa gaskiya ya ji?

Sai da na kai saman makushita, rukuni na uku daga sama. Taku ɗaya ya rage in shiga juryo, rukuni na biyu, inda ake fara albashi, a ba ka yaron da zai riƙe maka kaya. Karawa bakwai ake yi a gasa, na ci uku, an ci ni uku. Abokin karawata ya fi ni da kusan kilo 30. Muna haɗuwa ƙafata ta yi baya da kanta, ban ma sa ta ba. Na kai bakin igiya, na ɗauko shi zan juya kamar yadda na saba, nauyinmu mu biyu ya sauka kan gwiwa ɗaya. Ƙarar na fara ji kafin zafin.

Gasa uku ban shiga ba. A sumo wanda bai fito ba daidai yake da wanda aka kayar, sunana ya gangara ƙasan jadawali inda rubutun ke ƙanana sai ka matso da ido. Na sake hawa, amma ban ƙara kai wancan matsayi ba.

Abin da ke cin raina, an gaya min. Shekara shida ana gaya min kullum.

Yanzu yara ke zuwa wurina masu mafarkin Japan, duk so suke in koya musu juyi. Bango nake jingina su da shi, in ce su fara daga nan.