Likita da Bindigar Kilo Bakwai

Shekara ta tara ke nan ina riƙe da ƙaramin shagon bindigogi a bayan garin Houston, a jihar Texas ta Amurka. Mu uku ne a ciki: ni, da wani dattijo Bature mai gyara, da yaron kanta. Har gobe idan na yi waya gida kawu ya tambaye ni sana'a, sai ya rage murya, don a tunaninsa mai sayar da bindiga ba ya rasa zama ɗan ta'adda. A nan kuwa kasuwa ce kamar ta taki ko ta taya, sai dai takardunta sun fi yawa. Ina da lasisin gwamnatin tarayya, duk mai sayen bindiga sai ya cike fom mai lamba 4473, sannan galibi sai hukumar FBI ta binciki sunansa kafin in miƙa masa ita.

Yawancin cinikina na mafarauta ne, masu bin barewa da aladun daji da suka addabi gonakin Texas. Amma a 'yan shekarun nan harbin nesa ya shiga kan mutane, kowa so yake ya bugi farantin ƙarfe daga yadi 1,000. Su ne masu zuwa neman manyan bindigogin saiti.

Wata Asabar wani likita ɗan Arewa ya shigo. Muka gaisa da Hausa, muka taɓa hirar gida, sannan ya ɗora waya a kan kanta ya nuna mini hoto.

"Malam, wannan nake so. Mai cin .338 Lapua Magnum."

Na san inda ya samo ta. Duk mai neman wannan harsashi ya karanta labarin Craig Harrison, sojan Ingila da ya yi harbi daga mita 2,475 a Helmand ta Afganistan a 2009, da bindigar kamfanin Accuracy International. Kamfanin nan ba na wasa ba ne, cikin waɗanda suka kafa shi akwai Malcolm Cooper, wanda ya ci zinare a harbin bindiga a gasar Olamfik ta 1984 da ta 1988. Harsashin kuma kamfanin Lapua na ƙasar Finlan ne ya kammala shi a ƙarshen shekarun 1980, don sojojin da ke son abin da ya fi harsashin .308 nisa amma bai kai babban harsashin .50 nauyin ɗauka ba.

Na sauko masa da irinta daga bango, ƙirar Ruger, kusan kilo 7 tun kafin a ɗora mata madubi da ƙafafu. Ya karɓa da hannu biyu, na ga kafaɗarsa ta ɗan sunkuya.

"Likita, ina za ka harba ta?"

Ya yi shiru. Filin da yake zuwa yadi 200 ne. A wannan nisan, sayen .338 kamar sayen tirela ne don kai yara makaranta.

Nauyin kansa ba aibi ba ne, wannan nakan tsaya in yi wa kowa bayaninsa. Bindiga idan ta tashi, ƙarfin da ya tura harsashi gaba shi ne ke turo ta baya, ta yi maka shuri a kafaɗa. In ka ninka nauyinta, ka rage shurin da rabi. Bututu mai kauri ba ya saurin zafi, ba ya yawan karkarwa, don haka harbi na goma yakan faɗa kusa da na farko. Shi ya sa 'yan gasa ke ƙara wa bindigoginsu ƙarafa da gangan har su kai kilo 10. Amma su daga but ɗin mota suke ɗaukarta zuwa teburi. Ka rataya wannan kayan ka shiga daji bin barewa, kafin hantsi ka fara tsine wa wanda ya sayar maka.

Inda gizo ke saƙar shi ne harsashin. Kan .338 gram 16 ne zuwa 19, albarushin da ke bayansa kuma ya ninka na ƙaramin harsashin nan 6.5 Creedmoor har da ɗori. Shi 6.5 ɗin, da kamfanin Hornady ya fito da shi a 2007, gram 9 ne kawai, siriri mai tsawo, iska ba ta cika karkatar da shi ba, kuma yana kai yadi 1,000 cikin rufin asiri. A shagona kuɗin harsashin .338 guda ɗaya ya ishe ka uku na 6.5, ko huɗu na .308. Albarushi mai yawa kuma yana cin bakin bututu daga ciki da wuri. Shi .308 Winchester, tsohon hannu tun 1952, bututunsa ya fi na su biyun daɗewa, kuma ko kantin ƙauye ka shiga za ka same shi. Na kuma gaya masa in gasa yake sha'awa, ta Precision Rifle Series ba ta karɓar harsashin da kaurinsa ya wuce .30, ke nan bindigar tasa ba za ta ma shiga fili ba.

Ya saurare ni tsaf, ya ce, "Na ji, Malam. Naɗe mini ita."

To, mai kuɗi abokin sarki. Ni ma ba zan yi ƙarya ba, raina ya yi fari, don shekarar da ta gabata na yi gangancin zuba jari a irinta guda uku, suka zauna mini a bango suna shan ƙura.

Na raka shi fili ranar farko. Harbi uku na farko sun yi kyau. Daga na huɗu na lura yana runtse ido kafin ya ja kunama, kafaɗa na zabura tun bindiga ba ta tashi ba. Jiki magayi. Ga kuma ƙarfen rage shuri da ke bakinta, wanda ke watsa ƙara da iska gefe da gefe, har mutumin teburin kusa ya tattara kayansa ya koma can ƙarshe yana harararmu.

Bayan wata biyar sai ga shi da akwatin. Cikin kwali uku na harsashi da ya saya, ɗaya ko buɗe shi bai yi ba. Dattijon namu ya zura madubin duba bututu, ya ɗago ya ce sabuwa ce ful.

Na karɓe ta a farashin ta hannu, na ba shi 6.5 Creedmoor mai kilo 5, ya ɗauki kwali goma a kai. Yanzu kusan duk ƙarshen mako sai ya turo mini hoton takardar da ya auna ya harba ta WhatsApp, huji biyar a wuri ɗaya, kwabo ya isa ya rufe su. Ita kuwa babbar ta koma ƙugiyarta a bango, kusa da 'yan uwanta biyu. Jiya ma wani saurayi ya tsaya a gabanta ya daɗe, yana tambayar yarona ko da irinta ce sojan Ingilan nan ya yi harbi.