Ranar da na tsawata wa yarinya a kan addu'a

Lahadin da ta wuce na miƙa rajistar Sande Skul bayan shekara biyar. Kafin in bar garin, akwai abin da nake so wanda zai gaje ni ya sani.

Na zo ne kai tsaye daga makarantar Baibul, kaina cike da Helenanci da tauhidi. Aka ba ni yara: benci uku da allo a gindin mangwaro, bayan majami'a. A zuciyata gani nake an raina karatuna.

Wata Lahadi da damina na ce wa zai yi mana addu'a. Wata yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba ta miƙe, ɗankwalinta ya zame gefe, ta runtse ido gam ta ce, "Baba, akuyarmu ta ƙi cin ciyawa tun jiya, ka zo ka duba ta. Kuma Mama tana kuka da dare, kai ka san dalili. Amin."

Na ce, "Ke! Haka ake yi wa Allah magana? Maƙwabcinku ne?" Na juya na rubuta a allo: yabo, furta zunubi, godiya, roƙo. Yara suka fashe da dariya. Ta sunkuyar da kai tana murɗa bakin zanenta. Ba ta daina zuwa ba, amma daga ranar ban ƙara jin muryarta a addu'a ba. Sai daga baya na ji cewa mahaifinta ya tafi ci-rani kudu, shekara guda ba labari, akuyar nan kuwa ita ce kuɗin makarantarta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba jahilci ya sa ni ba. Na rubuta jarrabawa a kan Markus 14:36, inda Yesu a Getsamani ya kira Allah "Abba". Kalmar Aramaik ce da aka bari yadda take a cikin rubutun Helenanci, sau uku ta fito a Sabon Alkawari: a nan, da Romawa 8:15, da Galatiyawa 4:6. Malaminmu ya ja mana kunne cewa ba gwarancin jarirai ba ne, manya ma haka suke kiran ubansu, kamar dai "Baba" a bakinmu. Na sami maki mai kyau. Ga yarinya ta faɗe ta a gabana da zuciya ɗaya, ban gane ta ba. Na daɗe ban iya karanta Matiyu 18 ba, wurin da Yesu ya tsai da ɗan yaro a tsakiyar almajirai, ya kuma yi maganar dutsen niƙa a wuyan mai sa ƙanana tuntuɓe.

Na kai wa babban fastonmu damuwata. Ya ce, "Ɗana, yara ne, sun manta. Kai dai duba yadda baikon yara ya ragu." A rahoton ƙarshen shekara ya rubuta cewa ba ni da himma. Na yafe masa, amma shawarata ga sabon malami ita ce kada ya kai nauyin zuciyarsa ofishin da lissafi kawai ake yi.

Shekara biyu bayan haka Inna ta kwanta asibiti. Da tsakar dare, zaune a kan tabarma a baranda, na nemi tsarin addu'ar nan da na rubuta a allo na rasa. Abin da ya fito kawai shi ne, "Baba, ka ga Inna." Shi na yi ta maimaitawa har gari ya waye.

Sauran darussan ƙanana ne. Ka san sunan kowane yaro. Ka durƙusa daidai tsayinsu in za ka yi musu magana. Kada ka gyara addu'ar kowa a bainar jama'a.

Ranar sallama na je gidan su yarinyar nan. Yanzu shekararta goma sha biyu. Na roƙi gafararta a gaban mahaifiyarta, ta ce, "Malam, ba komai." Na tambaye ta ko tana addu'a. Ta ce kullum, amma a zuci. Akuyar ta mutu a makon nan da abin ya faru.