Kwana Uku a Dahod, Inda Ake Ɗaga Ruwa Zuwa Tudu

Jirgin ƙasa muka shiga daga Vadodara da sassafe, cikin sanyin watan Janairu. Kafin azahar mun sauka a Dahod, can gabashin jihar Gujarat ta Indiya, inda ta yi iyaka da Rajasthan da Madhya Pradesh. A garin aka haifi Aurangzeb, sarkin daular Mughal ta Indiya, a 1618, sai dai ni ba tarihin sarauta ya kai ni ba. Na je ne in ga noman rani a ƙauyukan ƙabilar Bhil, waɗanda su ne mafi yawa a gundumar. Ƙidayar 2011 ta nuna kusan kashi 74 cikin 100 na mutanen Dahod 'yan ƙabilun asali ne.

Muna barin gari sai ƙasa ta koma tuddai da kwaruruka da tsakuwa. Mutanen Bhil ba sa cunkushe gidajensu wuri ɗaya, kowa yana kafa nasa a tsakiyar gonarsa, shi ya sa daga kan hanya kana iya ƙirga su. A ƙauyen farko da muka ratsa, ƙofa bayan ƙofa da kwaɗo. Sai tsofaffi da awaki. Tafintana ya ce sun tafi cin rani. Damina a nan wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba. Da an karye masara, sai magidanci ya kwashi mata da 'ya'ya su nufi Surat ko Ahmedabad aikin gini, ba a sake ganinsu sai Holi, bikin watsa launuka na wajen watan Maris, ya matso. Yaran kuwa sun bar makaranta ke nan. Abin ya tsaya mini a rai.

Ƙauye na biyu bai fi tafiyar minti ashirin ba, amma kamar wata duniya. Alkama kore shar a kan gangare, ga wani wake da suke kira cana, ga albasa da tumatir.

Wani dattijo ne ya ja ni zuwa bakin rafi. An gitta wa rafin katangar siminti da ba ta fi tsayin mutum biyu ba, tana da ƙofofin da ake buɗewa da damina don ambaliya ta wuce da taɓonta, a rufe su idan ruwan sama ya ɗauke. Gefe ga ɗakin inji. Injin yana tura ruwa ta bututun da aka binne zuwa wani ƙaramin gini a ƙololuwar tudu, daga can ruwan ya gangaro da kansa ya rarrabu zuwa gonaki. Dattijon ya durƙusa ya murɗe bakin bututu, ruwa ya tuɗo, ya sa fartanya ya fasa kunya ya karkata shi cikin fangalin alkamarsa.

"Baba, da can fa?" na tambaye shi ta bakin tafinta.

"Ɗana, rafin nan tun kakanninmu yana nan. Muna kallonsa daga sama yana wucewa, gonarmu tana ƙonewa."

Ƙungiyar da ta yi fice a wannan aiki a yankin ita ce Gidauniyar Sadguru, wadda Harnath Jagawat da matarsa Sharmishtha suka kafa a 1974. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne, bayan an gama gini, manoman ake miƙa wa ragama. Suna da ƙungiyar gama kai, su ke ɗaukar mai kula da inji, su tsara layin ban ruwa, su tara kuɗin wuta da na gyara. Na ga littafin da kaina: sunan kowa, awannin da ya sha ruwa, rufi (kuɗin Indiya) nawa ake binsa.

Ba a rasa tsamin rai ba. A lokacin da na je, wutar noma awa takwas ake ba ta a yini, wani makon kuma da dare take zuwa, sai mutum ya fita da tocila cikin sanyi. A gabana wani matashi mai gona a ƙarshen bututu ya ɗaga murya, yana cewa kafin ruwa ya iso gare shi wuta ta ɗauke. An daɗe ana ja-in-ja kafin aka yarda gobe daga wajensa za a fara. Ni a ganina irin wannan rigimar ta fi shirun ƙauyen farko sau dubu.

Da asubar ranar da zan tafi, na tarar da wata mata da surukarta suna tsinkar furanni masu ruwan ɗorawa a ɗan fili bayan gida. Masu ibada ke saye a kasuwar Dahod, kullum da ɗan abin cefane. Ta miƙo mini gurasar masara da zafinta, ta ce, "Ci, baƙo, hanya da nisa." Ina ci sai ga jikarta ta fito da kayan makaranta, tana neman takalminta ɗaya. Kakar ta nuna mata ƙarƙashin gado, ta koma kan furanninta, domin motar kasuwa ƙarfe bakwai take wucewa.