Tafiya zuwa Grimspound, kufan mutanen da a tudun Dartmoor

Daga garin Moretonhampstead da ke Devon, kudu maso yammacin Ingila, muka kama titin B3212, sannan muka karya hagu zuwa wata siririyar hanya mai nufar Widecombe. Wurin ajiye mota ɗan lungu ne a bakin hanya, motoci kaɗan yake ɗauka, gara a yi sammako. Babu mai gadi, babu kuɗin shiga. Daga nan sai hawa na 'yan mintoci, rafin Grims Lake yana gangarowa ta gefe.

Kufan yana zaune tsakanin duwatsun Hookney Tor da Hameldown, kimanin mita 450 sama da teku. Katanga ce ta dutse, kaurinta ya kai mita 3, ta zagaye tushen bukkoki 24 na ƙarshen zamanin tagulla, shekara 3,000 ke nan ko fiye. Bukkokin ƙanana ne, faɗin yawancinsu mita 3 zuwa 4. Abin da ya rage gindin bango ne kawai, an jera manyan duwatsu ciki da waje, an cusa ƙanana a tsakani. Rufin itace da ciyawa ya daɗe da ruɓewa. Na tsuguna a bakin wata, ƙofarta tana da ɗan soro mai lanƙwasa, iska ba ta shiga kai tsaye. Wanda sanyin wurin ya taɓa bugawa ba zai tambayi dalili ba.

Baƙi sukan ruɗe da gibin da hanyar ƙafa ta ratsa, su ɗauka ƙofar gari ce. Ta ainihi tana kudu maso gabas, ta fuskanci tudu, an shimfiɗa mata duwatsu. Haka ma bukkar da ta fi kyan gani a tsakiya, masu binciken kayan tarihi da suka tona wurin a 1894 ne suka sake ɗora duwatsunta. Ƙasar mai tsami ce, tana cinye ƙashi da itace, shi ya sa tonon bai samo abu mai yawa ba sai gawayi, ƙanƙarar wuta (dutsen ƙyastu) da duwatsun girki.

Ni dai ban ga ganuwar yaƙi a nan ba. Tuddai sun leƙo ta daga gefe biyu, ga ruwa a ciki. Garke ta fi kama.

A hau Hookney Tor in ana son ganin zagayen gaba ɗaya. A sa takalmin da ruwa ba ya shiga, ƙasar tana da taɓo ko da bazara. A riƙe taswirar takarda kuma, don hazo kan sauko farat ɗaya, sabis ɗin waya ba abin dogaro ba ne.