Mun kai ta wasan ski, da ciwonta da komai

Duk wanda ya ji za mu kai ƴata mai ciwon sistik faiburosis wasan ski, wato zamiya kan dusar ƙanƙara, maganar farko da ke fita bakinsa ita ce sanyi. "Haba, yarinya mai ciwon ƙirji za ku kai cikin dusar ƙanƙara?" Har na gaji da bayani wallahi. To ni dai abin da na gani da idona, sanyin nan shi ya fi komai sauƙi a tafiyar, jaket da hula da safar hannu sun gama da shi. Abin da ya ba mu aiki gumi ne, da bushewar iska, sai kuma yadda za ka kwashe duk tsarin maganin da kuka saba da shi a gida ka je ka dasa shi a wani ɗaki da ba naka ba can saman dutse, kuma kar a tsallake ko na safe ɗaya.

Ƴata shekararta biyar, da sistik faiburosis aka haife ta. Ciwon gado ne, sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi a jini sannan yaro zai samu, ni da babanta lafiyarmu ƙalau ba mu taɓa sanin muna da shi ba, kuma kowane ciki yana iya faɗawa ɗaya cikin huɗu. Ƙwayar halittar da ke kawo shi ana ce mata CFTR, a 1989 aka gano ta, aikinta shi ne daidaita shige da ficen gishiri da ruwa a jiki. In ta samu matsala majinar da ke cikin huhu sai ta yi kauri kamar danƙo ta ƙi fita, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, fankiriyas ma, wanda ke fitar da ruwan narkar da abinci, ya toshe abinci mai maiƙo ya daina narkewa, gumi kuma ya riƙa fita da gishiri fiye da kima. Ba asma ba ce, ba tarin fuka ba ne, kuma ba wanda zai ɗauka don ta yi tari kusa da shi.

Kafin mu biya kuɗin komai sai da muka zauna da likitarta. Na ɗauka ita ma sanyin za ta kawo, sai kawai ta ce, "Tsayin wurin da za ku kwana mita nawa ne?" Wai iya hawanka dutse iya raguwar nauyin iska, kowane numfashi oksijin ɗin da yake shigarwa ya ragu, kuma cikin barci abin ya fi yin ƙasa, shi ya sa inda za a kwana ya fi inda za a yi wasa da rana muhimmanci. Ko cikin jirgin sama ma iskar da ake shaƙa daidai take da ta dutsen da ya kai kusan mita 2,400. Masu raunin huhu har gwaji ake musu kafin tafiya, a ba su iska mai oksijin kashi 15 maimakon kashi 21 da muka saba, na kamar minti 20, ana kallon jininsu. Tamu ba ta buƙaci wannan ba don huhunta na da kyau a lokacin, alhamdulillahi, amma duk da haka likita ta ce mu nemi ƙasa-ƙasa. Nan na zauna ina ta duba alƙaluma, ashe a tsaunukan Alps na Faransa kaɗai bambancin ba kaɗan ba ne: Val Thorens yana mita 2,300, garin Chamonix kuma 1,035 ne kawai, amma daga nan motar igiya za ta ɗebe ka ta ajiye a Aiguille du Midi mita 3,842 cikin kamar minti ashirin. Muka zaɓi wani ƙaramin ƙauye da bai kai mita 1,500 ba, wanda akwai asibiti a kwarin da ke ƙasa da shi.

Sai haɗa kaya. Kai, wannan kam! Jakar magani ta fi ta tufafinmu mu uku. Duk maganin a jakar hannu ya tafi, ba a sa shi cikin kayan da ke shiga ƙasan jirgi, na ɗaya jaka na iya ɓata, na biyu can ƙasa abu na iya daskarewa. Pulmozyme, wanda take shaƙa don ya tsinka majina, dole ya zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8 kuma in ya daskare ya tashi aiki, don haka a ƴar jakar sanyi ya tafi, da muka isa ma ban sa shi can ƙuryar firji ba inda ƙanƙara ke kamawa. Akwai masu cewa ai sai a ajiye a bakin taga tunda waje sanyi ne, don Allah kar a yi. Creon kuma, ƙwayoyin narkar da abinci, shi zafi ne abokin gabansa, ba ya son ya wuce digiri 25, ga ɗakunan can duk da hita kamar me, kenan ba a ajiye shi kusa da ita, ba kuma a sa shi a aljihun ciki da ke manne da jiki. Mun ɗauki fiye da abin da za mu buƙata muka raba jaka biyu. Da wasiƙar likita mai jerin magunguna, ita ta sa a filin jirgi aka bar mu muka wuce da ruwan maganin da ya haura mililita 100. Inshora kuwa sai ka faɗa musu sunan ciwon ƙarara kuma ka tabbatar ta haɗa da wasannin kan dusar ƙanƙara, in ba haka ba takarda kawai ka saya.

Safiyar can daban take. Makarantar ski ta yara ƙarfe tara take farawa, mu kuwa kafin a kai ga sa takalmi akwai aikin kusan awa guda, don haka tun duhu muke tashi. Za ta zauna kan gado da dogon wandon ciki da safa, nebulaiza, wato na'urar shaƙar magani, a baki tana shaƙar ruwan gishirin nan mai kashi 7, idonta na kan taga tana kallon fitilun motocin da ke daddale dusar ƙanƙara a jikin dutse, in ta ga ɗaya ta juyo sai ta cire abin daga baki ta ce "Mama kalli!", ni kuma in ce mayar, mayar, tukuna. Daga nan sai abin hurawa na fisiyo, wato atisayen fitar da majina daga ƙirji, ta hura ta hura, ta yi huf, wato fesar da numfashi da ƙarfi, ta yi tari, a sake. A gida akwai ranar da muke kai ruwa rana kafin ta yarda, amma a can da na ce ba fisiyo ba ski, shi kenan an gama magana. Ban ce dabara ce mai kyau ba, amma ta yi aiki.

Wanke nebulaiza ma akwai ɗan abin da ban taɓa tunani ba sai da nas ɗinta ta faɗa min. A gida tafasa sassan muke yi don kashe ƙwayoyin cuta, to a kan dutse ruwa ba ya kaiwa digiri 100 kafin ya tafasa, kusan duk mita 300 da ka hau digiri ɗaya ke raguwa, a mita 2,000 kenan wajen 93 ne. Ta ce mu ƙara mintuna a kan yadda muka saba. Kullum da dare ni ce tsaye gaban tukunya da agogon waya, sannan in shanya su kan tishu mai tsabta nesa da wurin wanke-wanke.

Yanzu ga maganar gumin. Mutum zai ce ina gumi a wurin da komai ya daskare? To ku sa wa yaro riga uku da jaket da hular kwano, ku ɗaura masa takalman nan masu nauyi, ya yi ta faɗuwa yana tashi yana hawa gangare a karkace, ku gani. Ranar farko da na cire mata hular kwano da tsakar rana gashinta ya jiƙe sharkaf, da ya bushe sai ga farin layi a goshinta daidai inda hular ta zauna, gishiri ne tsabarsa, har a jikin soson hular. Abin da ke da haɗari shi ne yaran nan in sun zubar da gishiri tare da ruwa ba sa jin ƙishirwa yadda sauran yara ke ji, ga sanyi da dama ke kashe sha'awar ruwa, ga iskar dutse busasshiya da ke zuƙe ruwan jiki ta numfashi. In ruwa ya yi ƙaranci majina ta ƙara kauri, kuma ba a huhu kaɗai ba, hanji ma yana iya toshewa, wannan kuwa maganar asibiti ce. Mai kula da abincinta ta riga ta ƙara mata gishirin da take sha na kwanakin, da adadin da za mu ba ta a rubuce, ba da ka muka yi ba. Ruwa kuma ba na jira ta tambaya, kwalba na cikin jaket ɗina don kar ta daskare, duk tsayawa sai ta kurɓa ko tana so ko ba ta so. Har ta fara ce min "Mama ke kullum ruwa ruwa."

Abinci bai ba mu wahala ba, dama mai ciwon nan ana so ya ci mai maiƙo da yawa, kuma wasan yana buɗe ciki. Matsalar ita ce lokacin hutun makarantar ski, inda ake ba yara ɗan abin taɓawa da madara mai zafi, duk kuwa akwai maiƙo, kenan sai da Creon. Na yi wa malamin bayani tun ranar farko, mutumin kirki, ya saurara tsaf amma ya ce shi ba a yarje masa ya ba yaro magani ba, kuma gaskiyarsa. Sai ya zama duk inda nake a kan dutsen lokacin hutu na yi sai na gangaro. Ku ga ni durƙushe a kan dusar ƙanƙara na cire safar hannu, yatsu sun sandare, ina ƙoƙarin buɗe ƙwayar nan in zuba ƴan ƙananan ƙwallayen a kan cokalin markaɗaɗɗen tuffa kar iska ta kwashe, ita kuma tana ta tsalle wai sauran sun fara ci. Kuma na ce wa malamin in ta ce banɗaki to yanzu take nufi, ba nan da minti biyar ba. Shi ya sa ma ban saya mata rigar ski ɗin nan mai haɗe da wando ba, riga daban wando daban, duk uwar da ta taɓa kokawa da zif a ƙaramin banɗaki za ta gane. Tambaya ta ƙarshe da na yi masa ta ba shi mamaki, ko akwai wani yaro mai irin ciwon a ajin. Masu sistik faiburosis ba a so su kusanci juna ƙasa da mita biyu don suna iya musayar ƙwayoyin da ba sa yi wa sauran mutane komai. Babu, aka ci sa'a.

Tarin nata dai ya jawo mana kallo a layin hawa, wata mata har ta ja ɗanta gefe. Da can irin wannan na ƙona min rai, yanzu in da hali in ce ba mura ba ce ba a ɗauka, in babu hali in yi gaba.

Inda aka yi kuka shi ne jakuzi. Masaukin na da shi a waje, tururi na tashi, yara na ciki suna ihu, ita kuma an ce a'a. Ruwan ɗumi mai kumfa irin wannan matattarar wata bakteriya ce da ake kira Sudomonas, in ta kama huhun mai ciwon nan fitar da ita sai an sha fama, wani lokaci ma ta zauna kenan. Babanta ya ɗauke ta suka je gina mutumin ƙanƙara, amma sai da ta yi fushi da ni har dare. Haka na'urar feso tururi a ɗaki da mai masaukin ta kawo mana don taimako saboda bushewar iska, na gode mata na mayar, dalilin ɗaya ne. Keken doki ma mun hau amma ba mu shiga bargar ba saboda funfunar da ke cikin busasshiyar ciyawa, kuma ba ma zama kusa da murhun itace. Rana ita ma ba ta wasa a can, dusar ƙanƙara na iya dawo da kusan kashi 80 na haskenta mai ƙona fata, kuma in yaro na shan siprofuloksasin, wani maganin kashe bakteriya, fatarsa ta fi saurin ƙonewa, don haka man kare fata da tabarau ba fashi.

Ba zan ce kowa ya kwashi ɗansa ya tafi ba. In huhun yaro ya yi rauni, ko bai daɗe da fitowa daga ƙarin maganin jijiya ba, likita na iya cewa a'a kuma a'ar ce daidai. Amma masu ganin tausayi shi ne a killace ta a ɗaki, ban yarda da su ba sam. Motsa jiki na cikin maganin ciwon nan, likitocin da kansu ke faɗa, kuma na gani: bayan ta wuni tana haki tana dariya tana faɗuwa, fisiyon yamma abin da ke fitowa ya fi na kullum yawa kuma cikin sauƙi. Ga ci, ga barci kamar an ɗauke ta. Ranar da ta fara gangarowa ita kaɗai ta haɗa bakin ski ɗinta ta tsaya cak gaban malamin, babanta ihun da ya yi har kunya ta kama ni.

Da muka dawo mun je asibiti an ɗauki samfurin tari an auna ta, babu sabuwar ƙwaya, nauyinta ya ɗan ragu kaɗan mai kula da abinci ta ce a ƙara mata na tsakanin abinci. Ita kuwa tun a mota ta fara lissafin badi, wai ta gaji da gangaren jarirai kujerar igiya take so ta hau har can ƙololuwa inda manya ke zuwa. Na duba taswirar wurin, ƙololuwar ta haura mita dubu biyu, don haka na rubuta a cikin tambayoyin da zan yi wa likita a ganin gaba.