Jirgin sama da injin Mazda, da idona na gani

Tunda na dawo Birnin Kebbi kawuna bai bar ni na huta ba, kullum na leƙa garejinshi sai ya aje sifana ya goge hannu ya ce in sake mai labarin mutanen nan masu haɗa jirgi a gida, har yaranshi sun haddace, to gara in rubuta kowa ya karanta in samu lafiya.

Kwas ne ya kai ni Amurka, sai wani dattijo da munka saba da shi, tsohon bakanike ne shi ma, ya ce ranar Asabar in zo mu je taron abokanshi. Ni na zaci irin babban taron Oshkosh ne da ake yi duk ƙarshen Yuli, wanda jirage wajen 10,000 ke sauka, ashe wanga ɗan ƙarami ne, wani fili mai ciyawa a ƙauye, kowa ya tuƙo jirginshi ya sauka ya faka kamar yadda ƴan kabu-kabu ke jera babura bakin kasuwa. Kuma kusan dukkansu su sunka haɗa abinsu da hannu, wasu shekara da shekaru suna ɗaura kusa bayan an tashi aiki. Dokar can ta yarda, in dai kai ka yi fiye da rabin aikin, a zo a duba a ba ka takarda.

Abin da ya tara su shi ne injin. Ba na jirgi ba ne, na mota ne, Mazda 13B da ake cirowa daga RX-7 ko RX-8. Da na ce ma kawu babu fistin babu bawul cikinshi sai ya yi dariya ya ce "ɗana, ko dai Turancin ne ya yi maka yawa?" Wallahi kawu babu. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku kamar samosa mai ƙiba, guda biyu, suna juyawa cikin gidansu, kowane gefe na zuƙar mai yana matsewa yana ƙonewa yana fitar da hayaƙi, shaf ɗin tsakiya ya juya sau uku kafin ƙarfen ya zagaya sau ɗaya. Wani Bajamushe Felix Wankel ya ƙirƙiro shi, injin ya fara aiki a 1957, Mazda sunka ɗauka sunka fito da mota a 1967, har sunka ci tseren Le Mans da irinshi a 1991. Duka-duka lita 1.3 ne amma in ya yi kuka sai ka toshe kunne, ni dai haƙorana sai da sunka amsa.

Mi ya sa suke sonshi? Sun ce ƙarami ne, ba ya jijjiga, manyan sassa masu motsi uku ne kacal, kuma kuɗinshi bai kama ƙafar injin jirgi na kamfanin Lycoming ba. Amma fa wahalar na nan. Injin na son juyawa sau wajen 6,000 a minti, farfela kuma ba ta son wuce 2,700, dole sai an sa giyabos tsakani ya rage. Suna zuba baƙin mai cikin fetur don ya shafa ƴan ƙarafan da ke bakin kusurwowin, nan ne kawu ya ce to ai ƙaramin janaretonmu ne aka ba fiffike. Sai zafi, wanda shi ne rabin hirarsu, ina za a sa lagireto, ta ina iska za ta shiga ta ina za ta fita, ga salansa da ke tsagewa don hayaƙin ya fi na injin fistin zafi. Kawu ya ce a kawo shi Kebbi watan Afrilu a gani.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai ba injin ba ne ma. Kowa na sauka sai ya kwance murfin gaba ya bar shi buɗe, jama'a su zagaye suna leƙe suna tambaya, shi kuma da bakinshi yana faɗin inda ya yi shirme. Wani ya nuna mana bututun da ya fashe mai a sama ya sauka dole, bai jefar ba, yawo yake da shi cikin leda yana nuna ma mutane kar su sayi irinshi. Ga littafi kowa da nashi, duk kusar da aka canza da ranar da awa nawa injin ya yi. Na tuna sanda nike yaron gareji, in oga zai saita kabireto sai ya aike ka sayen goro, ka dawo an gama. Na faɗa ma kawu haka ya ce "to mu ba ma faɗowa daga sama", na yi shiru don ya fi ni gaskiya ta wani gefen, amma ta wani gefen kawai.

Da dattijon nan ya ji daga Najeriya nike sai ya ja ni wajen wani jirgi ƙirar RV ya ce ai ƙasarku ta san wannan. Kunya ta kama ni don ban sani ba, ashe Air Beetle da aka haɗa a Kaduna guda 60 don koyar da sojojin sama daga RV-6A aka samo shi, illa dai shi injin fistin gare shi.

An ce in hau a zaga da ni na ce na gode ina azumin nafila, alhali yanzu na gama cin masara gasassa gabansu.

Yanzu dai kawu ya sa wani a Legas ya nemo mai tsohon injin RX-8 a Ladipo, wai buɗewa kawai zai yi ya ga samosar da idonshi. Haka ya ce. Amma shekaranjiya na iske shi da igiya yana auna faɗin ƙofar gareji, yana ganina ya cusa ta aljihu.